Bashin Kafin Albashi: Taimako Ne Ko Tarko?

Jama'a, 'yan'uwana ɗalibai, akwai wata sana'a da ta yi ƙarfi a wannan zamani, wadda ya kamata mu da muka sami gatan zuwa jami'a mu tsaya mu dube ta da idon basira, domin kuwa ta riga ta shiga gidajen iyayenmu, ta kuma biyo mu har ɗakunan kwananmu ta cikin wayoyin da ke aljihunmu. Wannan sana'a ita ce ba da ɗan ƙaramin bashi na 'yan kwanaki ga wanda ke jiran albashi, bisa sharaɗin cewa ran da kuɗinsa suka shigo zai biya uwar kuɗin gaba ɗaya, tare da ruwa mai nauyi a kanta. Masu sana'ar suna kiranta taimakon gaggawa. Ni kuwa ra'ayina shi ne, an tsara ta ne yadda ribarta mafi tsoka za ta riƙa fitowa daga aljihun wanda ya kasa biya a kan lokaci. Saboda haka yi wa mai cin bashin wa'azi kaɗai ba zai kashe wutar ba, sai an haɗa da doka, an kuma samar wa mabukaci wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Kafin in ci gaba, bari in share wata ƙura. Ba ina zargin bashi a kan kansa ba ne. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma babu al'ummar da ta taɓa ginuwa ba tare da wani ya ranta wa wani ba. Ɗan kasuwa yakan karɓi kaya bashi ya sayar ya biya, ya ci riba, mai kayan ma ya ci. Amma kakanninmu sun san akwai wani bashin dabam, wanda ake ba mutum don an ga wuyansa ya shiga igiya. Manoman wasu sassan ƙasar nan sun san abin da ake kira ba-da-kaka, inda ake ranta wa manomi kuɗi ko taki da damina, lokacin da rumbu ya ƙare, da kaka kuma a zo a kwashe buhunan hatsin da darajarsu ta ninka abin da aka ba shi. Bashin kafin albashi ɗan'uwan wannan ne. Bambancinsu kawai shi ne, gonar ma'aikaci ita ce albashinsa, kakarsa kuwa ƙarshen wata.

A ƙasar Amurka ne wannan sana'a ta bunƙasa sosai tun daga farkon shekarun 1990. Yadda ake yi a can shi ne, mutum ya shiga kantin masu ba da bashin da shaidar albashinsa, ya rubuta musu cek mai ɗauke da kwanan watan ran biyansa, ko kuma ya ba su izinin zare kuɗi daga asusunsa, sai su miƙa masa tsabar kuɗi nan take. Abin da aka saba caja shi ne dala 15 a kan kowace dala 100 na tsawon mako biyu. Mai jin wannan zai ce ai kashi 15 cikin 100 ba wani abin tashin hankali ba ne. To, amma mai karatu ya tuna akwai mako bibbiyu har 26 a cikin shekara. In aka yi lissafi, ruwan ya kai kimanin kashi 391 cikin 100 a shekara ke nan.

Ga kuma abin da bincike ya nuna. A 2012 cibiyar bincike ta Pew ta bayyana cewa Amurkawa wajen miliyan 12 ne ke cin irin wannan bashi a kowace shekara, kuma matsakaicin mai cin bashin yakan karɓi dala 375 har sau takwas a shekara, ya biya ruwan dala 520. Kusan mutum bakwai cikin goma sun ce karon farko da suka ci bashin sun yi ne domin bukatun yau da kullum, kamar kuɗin haya da na wuta da cefane, ba don wani bala'i da ya faɗo musu kwatsam ba. A 2014 kuma hukumar gwamnatin Amurka mai kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi ta gano cewa huɗu daga cikin kowane bashi biyar ana sabunta su ne, ko a sake cin wani, cikin kwana 14. Alƙaluman hukumar sun kuma nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na ruwan da kamfanonin ke tarawa yana fitowa ne daga mutanen da suka ci bashin fiye da sau goma a shekara guda. Watau da a ce kowa zai ci sau ɗaya ya biya ya tafi abinsa, da yawancin kantunan nan sun rufe. Wanda ya maƙale shi ne ke riƙe da kasuwar.

Domin abin ya fito fili, mu kawo lissafin gida. Mu ƙaddara ga masinja mai karɓar mafi ƙarancin albashi na ƙasa, watau naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Tsakiyar wata ta yi, kuɗi sun ƙare, ɗansa ya kwanta zazzaɓi. Mu ƙaddara ya ranto naira 20,000 na mako biyu, zai biya 25,000. Ran da albashi ya shigo aka cire 25,000, saura 45,000. To, jama'a, watan da 70,000 ba ta fitar da shi ba, yaya 45,000 za ta fitar da shi? Dole kafin tsakiyar wata ya sake komawa. In kuwa ya zaɓi ya riƙa biyan ruwan kawai ana ɗaga masa ƙafa, to cikin mako takwas zai biya naira 20,000 cif, alhali uwar kuɗin tana nan a wuyansa ko kwabo bai ragu ba. Wannan mutum ba almubazzari ba ne, ba kuma wawa ba ne. An ba shi bashin da tun ran farko lissafi ya nuna albashinsa ba zai iya ɗauka ba. Shi ya sa aka ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma ko ya yi dubu ba zai fito ba.

Labarin ƙasar Ingila ya isa misali ga mai neman darasi. A can wani kamfani mai suna Wonga ya mai da wannan sana'a kan intanet, ya cika talabijin da tallace-tallace masu ban dariya, har ya sayi gaban rigar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Newcastle. Masu bin ƙwallo za su tuna yadda Papiss Cissé, ɗan wasan nan na Senegal, ya ƙi sa rigar da farko a 2013, kafin daga baya a sasanta. A wannan shekarar ruwan da kamfanin ke tallatawa ya kai kashi 5,853 cikin 100 a shekara, har shugaban limaman Cocin Ingila na lokacin, Justin Welby, ya fito ya ce zai yi amfani da ƙungiyoyin gama kai na ajiya da lamuni ya ƙwace wa kamfanin kasuwa. A 2014 asiri ya tonu cewa kamfanin ya aika wa mutane wajen 45,000 wasiƙun barazana da sunayen ofisoshin lauyoyin da babu su a duniya, aka sa shi biyan diyyar fam miliyan 2.6. Kafin shekarar ta ƙare aka tilasta masa yafe bashin fam miliyan 220 da yake bin mutane 330,000, saboda ya ba su ne ba tare da ya duba ko za su iya biya ba.

Abin da ya fi muhimmanci a wannan labari shi ne maganin da hukuma ta yi. Daga watan Janairu na 2015 aka kafa iyaka guda uku. Ruwa ba zai wuce kashi 0.8 cikin 100 a rana ba, tarar jinkiri ba za ta wuce fam 15 ba, sa'an nan ko me ya faru ba za a karɓi fiye da ninkin abin da aka ranta wa mutum ba. Wanda ya ci fam 100, har abada ba za a bi shi fiye da 200 ba. Shekara uku da 'yan watanni bayan haka, a watan Agusta na 2018, Wonga ya durƙushe, ga ribar ta ragu, ga dubban mutane suna neman diyya. A Amurka ma tun 2006 majalisa ta hana a caji sojoji da iyalansu ruwan da ya wuce kashi 36 cikin 100 a shekara, kuma a 2020 mutanen jihar Nebraska suka kaɗa ƙuri'a, fiye da kashi 80 cikin 100 suka goyi bayan kafa wannan iyakar ga kowa da kowa. Abin tambaya a nan shi ne, in ruwan da ya wuce haka yana da haɗari ga soja mai albashi tabbatacce, ina ga lebura?

Mu dawo Nijeriya. A nan sana'ar ta shigo ne galibi ta manhajojin waya. Ba a neman jingina, ba a neman mai tsaya maka. Ka sauke manhaja, ka ba da lambar BVN da bayanan katinka, cikin 'yan mintoci ka ji kuɗi sun faɗo. Kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. An janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a watan Disamba na 2024, ma'aikata a wurare da dama sun saba da jinkirin albashi, bankuna kuwa ba su san talaka ba sai ran da zai yi ajiya. Mutumin da ke cikin wannan hali, in aka turo masa saƙo cewa ga kuɗi nan take, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Sai dai masu manhajar ba su ba da kuɗinsu haka kawai ba. Sun karɓi jingina, kuma jinginar ita ce mutuncin mai cin bashin. Lokacin da yake sauri yana danna amincewa, ya ba su izinin kwashe lambobin duk mutanen da ke cikin wayarsa, har da hotunansa. In ya yi jinkirin kwana ɗaya ko biyu, sai saƙonni su fara zuwa wa surukinsa da shugabansa na wurin aiki da malaminsa da limamin unguwarsu, ana kiransa ɓarawo ɗan damfara. An sha ba da labarin waɗanda aka haɗa hotonsu da sanarwar mutuwa aka watsa, alhali suna raye. A al'umma irin tamu, inda mutum zai gwammace ya kwana da yunwa da a ji kansa a waje, wannan makami ya fi sanda ciwo. Saboda tsoron wannan tonon silili ne mutum kan ci bashi a manhaja ta biyu don ya biya ta farko, ya ci a ta uku don ya biya ta biyu. Ya gudar wa gara ya faɗa gidan zago.

Ba za a ce hukuma ta naɗe hannu ba. A watan Agusta na 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 saboda keta sirrin mutane. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, watau FCCPC, tare da wasu hukumomi ta kai samame ofisoshin wasu masu ba da bashin a Ikeja ta jihar Legas, daga baya a shekarar ta wajabta musu yin rajista. Daga ƙarshen watan Mayu na 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin ba da bashi da ke rumbunsa taɓa lambobi da hotunan da ke wayar mutum, a watan Yuni na shekarar kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. A 2025 FCCPC ta fito da sababbin ƙa'idoji masu ɗauke da tarar da za ta iya kaiwa naira miliyan 100. Duk waɗannan abin yabo ne. Amma yawancinsu suna magana ne a kan yadda ake karɓar bashin da wanda ya cancanci bayarwa. Tushen cutar kuwa, kamar yadda lissafin masinjanmu ya nuna, yana cikin yawan ruwan da gajartar wa'adin. Ko da mai bin bashin ya zo da sallama da murmushi, 45,000 ba za ta zama 70,000 ba.

Illar wannan bashi ba ta tsaya a kan wanda ya ci ba. Kuɗin da suka tafi ruwa, kuɗin cefane ne da na makaranta da na magani, saboda haka matar gida da yara su ne ke biya da cikinsu. Ma'aikacin da ya san rabin albashinsa na wani ne tun kafin ya shigo, hankalinsa ba ya kan aiki, kuma in yana zaune a kujerar da kuɗin jama'a ke bi ta gabansa, an buɗe masa ƙofar cin amana. Ɗalibin da ya ci irin wannan bashi don ya biya rajista ko ya sayi abinci, wayarsa na ruri dare da rana, ina zai sami natsuwar karatu? Daɗin daɗawa, abin yana cin zumunci. Ɗan'uwan da aka kira aka zaga saboda bashin da bai san da shi ba, da wuya ya sake amsa kiran wanda ya jawo masa.

Na san akwai masu cewa, to in an hana wannan, ina mabukaci zai nufa? Banki ba zai ba shi ba, dangi kowa na fama da kansa, kuma in aka matsa wa kamfanonin da ke da rajista, mutane za su koma wurin 'yan bayan fage waɗanda suka fi su mugunta. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba daidai ba ne wanda ya ƙoshi ya yi wa mai jin yunwa dariya. Amma ya kamata a lura da abu biyu. Na farko, Ingila ba ta haramta sana'ar ba, iyaka ta sa mata, kuma waɗanda suka iya aiki a cikin iyakar suka ci gaba. Kamfanin da ba zai iya rayuwa ba sai ya karɓi fiye da ninkin abin da ya bayar, ya shaida wa duniya da bakinsa irin sana'ar da yake yi. Na biyu, wannan hujja tana nuna wajibcin samar da wata hanya ne, ba ta wanke tarkon ba. Mai ƙishirwa in aka ba shi ruwan gishiri zai sha, amma ba za a ce an shayar da shi ba.

Wasu kuma za su ce ai magana ta ƙare, tun da addinin Musulunci ya haramta riba, wanda ya ci shi ya jiyo. Lalle haramcin a fili yake, kuma hikimarsa ta bayyana a duk abin da na zayyana. Sai dai addinin da ya haramta riba shi ne kuma ya kwaɗaitar da ba da rance don Allah, ya umarci a saurara wa wanda ke cikin ƙunci, ya kuma sa waɗanda bashi ya yi wa katutu cikin masu cin zakka. Al'ummar da ta riƙe hanin ta saki umarnin, ta bar ɗan'uwanta tsakanin asibiti da manhaja, ita ma tana da amsar da za ta bayar.

To, mene ne abin yi? Ga gwamnati, ina ganin lokaci ya yi da za a kafa iyaka da lamba, wadda kowa zai iya riƙewa a ka, cewa ba wanda za a bi fiye da kaza a kan abin da ya ranta, a kuma wajabta wa kowane kamfani ya rubuta jimlar abin da za a biya da naira, cikin harshen da mai cin bashin ke ji, kafin ya danna amincewa. Haka kuma duk gwamnati ko kamfanin da ke jinkirta albashi ya sani shi ne babban dillalin masu ba da bashin nan. Ƙungiyoyin ƙwadago su ƙarfafa asusun gama kai na wuraren aiki, inda ma'aikaci zai ranta ya biya kaɗan-kaɗan cikin watanni. Adashin da iyayenmu mata suka riƙe shekara da shekaru bai tsufa ba, da tsohuwar zuma ake magani.

Mu ɗalibai ma da namu aikin. Wanda ya cancanta ya nemi lamunin karatu na asusun NELFUND da aka buɗe a 2024, wanda ba shi da ruwa, maimakon ya miƙa wuyansa ga manhaja. Ina kuma kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su ware wani kaso daga kuɗin da muke biya kowace shekara su kafa asusun rancen gaggawa marar ruwa, a sa amintattun malamai cikin masu kula da shi, a riƙa liƙa lissafinsa a allon sanarwa kowane zango domin kowa ya gani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma abin da ake kashewa a bikin mako guda zai iya fitar da ɗalibai da yawa daga kunya. 'Yan sashen lissafi da na tattalin arziki da na shari'a su fita su koya wa ƙananan ma'aikatan jami'a da mutanen unguwanninsu yadda ake mai da ruwan mako zuwa na shekara, da kuma inda ake kai ƙara in an ci zarafin mutum. Sa'an nan duk wanda saƙon tozarta wani ya shigo wayarsa, kada ya tura gaba, kada ya mai da shi abin hira a ɗakin cin abinci. Ya adana shi a matsayin shaida, ya nemi mai bashin a asirce ya ji halin da yake ciki. Ran da muka daina taya su yaɗawa, makaminsu ya dakushe.

A ƙarshe, 'yan'uwana, mu tuna cewa gobe mu ne ma'aikatan da za su jira ƙarshen wata, wasunmu kuma su ne za su zauna a kujerun da ake tsara doka da biyan albashi. Abin da ya faru a Amurka da Ingila ya ishe mu gargaɗi, tun da an ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, balle namu da ya riga ya fara hayaƙi. Allah ya rufa mana asiri, ya hore wa iyayenmu abin da za su riƙe mu da shi ba tare da sun sunkuyar da kai ga kowa ba, amin.